Canza boris da sil na ƙafar mota a gida: amsa ga mai tsohuwar Hilux a Damagaram

Tambaya: Salamu alaikum. Ina da tsohuwar Hilux mai ja da ƙafa huɗu, ƙirar shekarun 1990, ina jigila da ita tsakanin Damagaram da Tanut. Kwanan nan ƙafar gaba ta fara ƙugi idan gudu ya kai kilomita 60, kuma ina ganin mai yana jiƙa cikin tayar baya ta dama. Zan iya canza boris da sil ɗin da kaina a gida, ko dole sai garaji?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin gaba za ka iya gama shi a tsakar gida, in kana da haƙuri da ƴan kayan aiki. Na baya kuwa rabi ne a gida, rabi wajen masu injin matsa ƙarfe, kuma kada wani ya ruɗe ka cewa guduma za ta yi abin da injin ke yi. Ciwo biyu ne daban ka kawo, amma asalinsu yakan zama ɗaya a ƙasarmu: sil, wato zoben roba mai tare mai da ƙura, ya saki, ƙasa ko ruwa ko mai ya shiga inda bai kamata ba, boris, wato ƙarfe mai ƙwayoyi da taya ke juyawa a kai, ya biyo baya. Wanda ya canza boris bai gano abin da ya kashe na farko ba, zai sake kwance ƙafar nan ba da jimawa ba.

Kafin ka sayi komai, ka tabbatar boris ɗin ne, wato rulma kamar yadda makanikanmu ke cewa. Tayar da ta cinye ba daidai ba tana irin wannan ƙugi, musamman mai manyan haƙora. Bambancin shi ne ƙugin taya yana sauyawa in ka sauka daga kwalta zuwa burji, na boris kuwa yana nan, gudu kawai yake bi. Samu miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, ka riƙe gudun da ƙarar ke fitowa, ka karkata sitiyari hagu kaɗan, sannan dama. Idan ka karkata hagu nauyin mota yana komawa dama. In ƙarar ta ƙaru a lokacin, galibi boris na dama ne. Bayan haka ka ɗaga ƙafar, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji lako-lako, sa wani ya taka birki ka sake girgizawa. Idan wasan ya ɓace da taka birki, a boris yake. Idan yana nan, ka duba gaɓoɓin da ke riƙe ƙafar. Wasan da ake ji in an kama taya gefe da gefe kaɗai, yawanci na sandunan sitiyari ne. Sannan ka juya tayar da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan ƙarfen da ke bayanta. Boris da ya ci yana aiko da gurzo da za ka ji a tafin hannu kafin kunne ya ji.

Wajen saye, ka bar kwatance da baki. Cire tsohon, goge shi, karanta lambar da ke jikinsa, ka tafi da shi shago. Boris na gaban wannan mota irin mai siffar mazurari ne, guda biyu a kowace ƙafa, na ciki da na waje, kowanne da kwanonsa, wato zoben da aka kafa cikin cibiyar ƙafar wanda ƙwayoyin ke gudu a kai. Boris da kwanonsa tare ake canza su. Sabon boris a kan tsohon kwano asarar kuɗi ce, domin tsohon kwanon ya riga ya ɗauki sawun tsofaffin ƙwayoyi, zai cinye sababbin da wuri. Sil kuma lambarsa girmansa ce a milimita: faɗin ciki, faɗin waje, kauri, kamar 35x52x7. Kamfanonin da aka sani su ne Koyo, NSK, NTN, Nachi, SKF, Timken da SNR, a sil kuma NOK. Sai dai jabu ya yi yawa da waɗannan sunaye, ko a nan ka saya ko Kano ka aika. Dubi rubutun jikin ƙarfen ya fito tsaf, ƙwayoyin su zama sumul ba kaushi, kejin da ke riƙe su ba shi da ƙaiƙayin ƙarfe a baki. Farashin da ya faɗi ƙasa ƙwarai shi kansa gargaɗi ne. Ka haɗa da sabuwar washa mai kunnuwa ta kulle noti, takardar gasket ta murfin cibiya, da gwangwanin giris na boris, mai litiyom, lamba NLGI 2, mai jure zafi. Kilo ɗaya ya ishi ƙafa biyu har da saura. Giris ɗin da ake aunawa a buɗe bakin hanya kada ya kusanci boris, don ƙurar da ya sha ba ta fita.

Inda za ka yi aikin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Mafi yawan tsakar gidajenmu rairayi ne, kuma jak a kan rairayi nutsewa yake a hankali ya karkace. Shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsa. Da ka ɗaga, sauke nauyin motar kan ƙafar ƙarfe ta tallafe mota ko guntayen katako masu ƙwari, ƙarƙashin shasi. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yana farfashewa lokaci ɗaya ba tare da ya ba da alama ba. Tare sauran tayoyin gaba da baya, ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar. Sannan ka zaɓi ranarka. Ranar da iskar hunturu ke tashi da ƙura ba ranar buɗe boris ba ce, sai in kana da rumfa mai kariya. Shimfiɗa leda ko kwali mai tsabta, kowane abu da ka cire ka jera shi bi da bi yadda ya fito, ka rufe da tsumma.

Sassauta notocin taya tun mota tana ƙasa. Bayan ka cire taya, kwance kan birkin da ke riƙe falaket, wato fatun birkin gaba, ƙusoshi biyu ne ta baya, ka rataye shi da waya a jikin shasi. Kada ka bar shi yana lilo da tiyon mai, tiyon yana iya tsagewa ta ciki ba ka gani ba. Daga nan sai murfin cibiya, wanda ake murɗawa a sa ƙafa huɗu. Cire murfin, cire zoben da ke maƙale a bakin sandar ciki, kwance notoci shida. A nan mutane da yawa ke tsayawa, saboda ƙarƙashin kowane noti akwai ƴar washa mai tsini da ta cije a raminta. Kada ka cusa turnabis tsakanin ƙarafan. Mayar da notin daidai bakin ƙusar don kare zare, ɗora sandar tagulla ka buga, za ka ga washar ta yi tsalle ta fito. A ciki za ka tarar da manyan notoci biyu masu milimita 54, da washa mai kunnuwa a tsakaninsu. Nemi soket 54, ko aro ne. Abin takaici ne yadda ake saran waɗannan notoci da kurfi da guduma: ɓarɓashin ƙarfen yana faɗawa cikin giris, kuma ba yadda za a auna ɗauri da sara. Miƙe kunnen washar, cire notin waje, washar, notin ciki, washa mai haƙori, sannan ka jawo cibiyar da faifan birkinta, hannunka a baki don kada boris na waje ya faɗi ƙasa.

Kifa cibiyar, ɓamɓare tsohon sil, boris na ciki zai fito. Kafin ka wanke, tsaya ka karanta abin da tsohon giris ke faɗa maka. Idan ya yi fari-fari kamar an gauraya, ko akwai jan tsatsa, ruwa ya shiga. Idan ka murza shi tsakanin yatsu ka ji tsakuwa-tsakuwa, ƙasa ce, sil ya daɗe da mutuwa. Idan ya bushe ya yi baƙi, ƙwayoyin kuma sun yi shuɗi, zafi ne: ko an ɗaure noti fiye da kima, ko birki yana kamawa. Wannan na ƙarshe sai ka duba shi da kyau, don birkin da ke cije faifai zai dafa sabon giris ma. Kwanon da ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana ya gama aiki. Wanda kuma ke da layuka a jere, tazararsu daidai da ta ƙwayoyi, duka ya sha, ko na guduma wajen sakawa, ko na ramukan hanya da lodi mai yawa.

Wanke cibiyar tas da gazuwal, ka share da tsumma marar gashi. Leƙa ciki za ka ga gurabe biyu a bayan kowane kwano, an yi su ne don sanda ta samu wurin bugawa. Buga nan kaɗan, can kaɗan, kwanon ya fito a miƙe. In ka dage gefe ɗaya zai karkace ya ƙwarzane mazauninsa. Sabon kwanon ka sa shi a firiza kamar awa ɗaya, yana ɗan tsukewa ya shiga da sauƙi. Bakinsa mai faɗi ne ke kallon waje a kowane ɓangare. Ɗora tsohon kwano a kansa ka riƙa bugawa zagaye, amma ka fara rage gefen tsohon da injin wasa ƙarfe, in ba haka ba shi ma zai maƙale a ciki. Guduma ba ta taɓa fuskar da ƙwayoyi ke bi. Za ka san ya zauna idan sautin bugun ya sauya ya zama tsayayye. Duba da fitila ka tabbatar ba tazara a bayansa ko ta ina, domin kwanon da bai kai ƙasa ba zai ƙarasa zama a kan hanya, ƙafar ta saki bayan ka ɗaure. Idan kuwa sabon kwano ya faɗa raminsa da hannu, ko yana juyawa a ciki, cibiyar ce ta cinye. Dabarar huda mazaunin da tsinin ƙarfe don ya kama ba ta daɗewa a motar da ke ɗaukar kaya. A nemi wata cibiya.

Cusa giris a boris ba shafawa ba ne. Ɗebi dunƙule a tafin hannu, kama boris ɗin ta baki mai faɗi, ka riƙa danna shi cikin giris ɗin kana jan sa, har ka ga giris ya ɓullo ta ɗaya bakin tsakanin ƙwayoyi. Juya kaɗan ka maimaita har ka zagaye. Shafa wa kwanonin, ka zuba cikin cibiyar abin da bai wuce sulusi zuwa rabin ramin ba. Cika shi maƙil kuskure ne da ake yi da kyakkyawar niyya: giris ba ya samun wurin motsi, yana zafi, ya kumbura ya ture sil. Kada kuma ka haɗa giris iri biyu, wasu in sun gauraya tsinkewa suke su zama ruwa. Shi ya sa ake wanke tsohon gaba ɗaya.

Sa boris na ciki, sannan sil. Leɓen sil, wato ɓangaren da ke da ɗan zoben waya a ciki, yana kallon inda giris ko mai yake. In aka juya shi baya, ba ya riƙe komai. Ɗora katako mai faɗi a kai ka buga a hankali har ya yi daidai da baki, ba karkata. Shafa giris a leɓen, don sil da ya fara aiki a bushe yana ƙonewa tun a kilomitocin farko. Kafin ka mayar da cibiyar, dubi sandar da take juyawa a kai, musamman wuyan da leɓen sil ke gogawa. Ja farce a wurin. In farcen ya maƙale a rami, sabon sil zai zubar ta nan. Tsatsa kaɗan takardar goge ƙarfe mai laushi tana ɗauke ta, a bi zagaye ba tsawo ba. Rami mai zurfi kuwa sai a sauya sandar, ko a zaunar da sil ɗin ya kauce wa ramin da milimita ɗaya ko biyu in mazauninsa ya ba da dama.

Ɗaurin noti shi ne inda aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci, kuma shi aka fi yi da ka. Irin wannan boris notin ne ke ƙayyade yadda ƙwayoyi ke dannuwa a kan kwano. In ya yi tsauri, giris yana matsewa ya fice daga tsakaninsu, ƙarfe ya hau ƙarfe, zafi ya tashi. A zafin watan Afrilu da Mayu, da lodi, boris na iya narkewa ya manne da sanda, har ƙafa ta fita. In ya yi sako-sako, nauyin duka yana sauka kan ƙwayoyi kaɗan, taya tana rawa, rawar tana buɗe leɓen sil, birki kuma ya riƙa yin nisa don faifai yana tura falaket baya. Ga yadda Toyota ta tsara wa wannan jinsin: bayan boris na waje da washa mai haƙori, ɗaure notin ciki zuwa Nm 59, wato kilo 6 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, kana juya cibiyar hagu da dama sau da yawa don komai ya zauna. Sannan ka sassauta shi har ya juyu da hannu, ka sake ɗaurewa da sauƙi. Adadin ɗauri na biyu ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira, amma alƙalin ɗaya ne, kuma yana da arha: sikelin hannu mai ƙugiya. Maƙala ƙugiyar a ɗaya daga ƙusoshin taya, ka ja a gicciye, ba wajen kanka ba, ka karanta nauyin da cibiya ta fara motsi a kai. Ya kamata ya faɗa tsakanin kilo 2.9 da 5.7, birki ba ya jiki. Sa sabuwar washa mai kunnuwa, ɗaure notin waje sosai, sannan ka sake aunawa. Wannan awo na biyu shi ake tsallakewa, alhali notin waje yana tura na ciki gaba, nauyin ya ƙaru. In ya wuce iyaka, kwance ka ɗan sassauta na ciki ka maimaita. Da ya yi daidai, lanƙwasa kunne ɗaya kan notin ciki, ɗaya kan na waje. Tsohuwar washa kunnuwanta sun gaji, suna karyewa, kuma ita kaɗai ke hana notocin warwarewa.

Ga masu motar da ba ta ja da gaba, mai noti ɗaya da fil mai baki biyu, ƙa'idar kusan ɗaya ce: a ɗaure zuwa wajen Nm 25 zuwa 30 ana juyawa, a sassauta, a mayar da ƙarfin yatsu. In ramin fil bai zo daidai ba, baya ake komawa kaɗan, ba gaba ba, kuma fil sabo ake sawa, ba ƙusar kafinta ba.

Mayar da murfin cibiya da sabon gasket, mayar da birki, goge faifan tas kada giris ya rage, ɗaure notocin taya a gicciye zuwa wajen Nm 103. Taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin mota ta motsa. In gaban motarka mai gada ɗaya ne da ƙwallo a kowane gefe, ka ga baƙin kunu na giris da mai yana tsiyaya daga ƙwallon, wannan wani sil ne can ciki, kuma tunda ka riga ka kwance har nan, lokacin canza shi ke nan.

Yanzu ƙafar baya. Fara da sansana abin da ke zuba. Man fon, wato man akwatin gadar baya, yana da kauri da wari mai ƙarfi irin na kibiritu. Man birki siriri ne, kuma za ka ga ya ragu a kofinsa. In na birki ne, tukunyar birki ce ta saki, ba sil ba, kuma motar ba ta hawa hanya sai an gyara.

In man fon ne, je ka duba ƴar mashaƙar iska da ke saman gadar kafin ka taɓa noti ko ɗaya. Ƙaramar aba ce mai hula. Idan mai ya yi zafi, iskar da ke ciki tana kumbura ta fita ta nan. A hanyoyinmu ƙura da danshin mai suna haɗuwa su toshe ta, iskar ta rasa mafita sai ta bakin sil, ta turo mai tare. Kwance ta, wanke da gazuwal, busa ka ji iska na wucewa, hular tana motsi. Sau da yawa ana canza sil sau biyu sau uku ana zargin jabu, alhali wannan ce. Dalili na biyu cika mai fiye da kima. Iyakarsa bakin ramin zubawa, mota tana kan daidai. Na uku boris da ya saki, sanda tana rawa, ba sil da zai iya bin ta.

Cire taya da tambur, wato gangar birki. Saki wayar birkin hannu, kwance bututun man birki da sifanar da ta kama notin da kyau, ka toshe bakinsa. Bayan farantin birki akwai notoci huɗu. Da ka cire su, sandar fon za ta fito gaba ɗaya da farantin da boris ɗinta. Ja ta a miƙe. In ka ɗaga wannan gefen ya fi ɗayan tsawo kaɗan, mai ba zai biyo ta ba. Sil ɗin yana cikin bakin gadar, ka ɓamɓaro shi ba tare da ka ƙwarzane mazauninsa ba. Akwai kuma zoben roba siriri a bakin, shi ma sabo ake sawa.

Abin da ya sa canza sil kaɗai ba ya wadatarwa a nan shi ne, leɓensa ba a kan sandar yake gogawa ba, a kan wani zoben ƙarfe ne da aka matsa bayan boris don ya riƙe shi. Zoben nan yana yin rami da shekaru. Sannan boris na baya rufaffe ne da giris ɗinsa. Man fon da ya daɗe yana ratsa shi ya riga ya wanke giris ɗin. Don haka in zubar ta kwana biyu, sayi saitin duka: boris, zoben riƙo, zoben maƙalawa, sil na ciki, sil na waje da zoben roba. Ɗauki sandar ka kai wa mai injin matsa, ka tsaya a kansa. Abin da za ka sa wa ido: kada a yanka tsohon zoben da wutar walda ko a gasa sandar, zafi yana kashe ƙwarin ƙarfen, in za a rage zoben da injin yanka, kada a taɓa jikin sandar, don ƙaramin tabo a nan shi ne mafarin karyewa, a matsa sabon boris ta zobensa na ciki, kada ƙarfin ya bi ta ƙwayoyi, sabon zoben riƙo ya shiga da fuskar da tsohon yake kallo, kuma ba a mayar da tsoho ko da ya yi kyau a ido, tunda kamunsa ya riga ya saki. Boris da za a ɗumama don ya shiga bai kamata ya wuce digiri 120 ba, rufaffe kuwa gara a bar shi da sanyinsa.

A gida, kafa sabon sil da bututu ko soket mai faɗinsa, leɓe yana kallon cikin gada, zuwa zurfin da tsohon yake. Cusa ɗan giris a bayan leɓen don zoben wayar kada ya fice da bugu. Wajen mayar da sandar, tallafe nauyinta da hannu biyu har ta shige. In ka bar haƙoran bakinta suka ja a kan leɓen, ka yanka sabon sil tun bai fara aiki ba. Juya ta kaɗan haƙoran su shiga gurbinsu, ɗaure notoci huɗun a gicciye.

Fatar birkin da ta sha mai ba ta gyaruwa. Wanke ta da esansi ko ƙona ta da wuta saman kawai yake busarwa, da ta yi zafi man da ke ciki zai sake fitowa, motar ta riƙa fizga gefe ɗaya. Canza ta, kuma ƙafa biyu na baya tare. Wanke tambur tas. Haɗa bututun, zuba man birki DOT 3, ku fitar da iska kai da mai taka maka feda har kumfa ya daina fitowa. Man fon kuma 80W-90 ko 90 mai alamar GL-5, tsakanin lita 2 da 3 gwargwadon gadar; in akwai takardar LSD a jikinta, wato gada ce mai hana taya ɗaya juyawa a banza, man LSD take sha. In tsohon man ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, a zubar da shi duka.

Wanda ke karanta wannan yana da ƙaramar mota mai ja da gaba irin Corolla, kada ya bi matakan can na sama. Nata boris guda ne rufaffe, ana matsa shi cikin ƙarfen ƙafa da inji, ba a sa masa giris, ba a daidaita shi. Ana tura shi ta zoben waje, sannan a tallafe zoben ciki lokacin shigar da cibiya. A mota mai ABS, wato birkin da ke hana taya kullewa, gefe ɗaya na boris yana iya zama da maganaɗisu, wanda dole ya kalli na'urar da ke karanta gudun taya. Allura za ta nuna maka gefen, don a nan za ta manne. Babban notinsa ɗauri mai ƙarfi yake so, Nm 216 a Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2008. In ba sifana mai awo, mutum mai kilo 70 ya tsaya a hankali kan sanda a kwance, santimita 31 daga tsakiyar notin, ba tare da tsalle ba. Kada a sauke motar a tura ta notin yana kwance, ko taku kaɗan ne, boris ɗin yana lalacewa nan take.

Bayan ka gama, yi tafiyar kilomita 10 zuwa 15 ba lodi, ka tsaya ba tare da yawan taka birki ba, ka kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace ƙafa. Ɗumi ba laifi. Wanda hannu ba ya iya zama a kai, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi ƙwarai, a koma a duba ɗauri da birki. Bayan tafiya ɗaya zuwa Tanut da dawowa, sake ɗaga ƙafar ka girgiza, domin sababbin kwanoni sukan ƙara zama kaɗan, ka leƙa bayan tambur ka ga ko ya bushe, ka sake bin notocin taya. Motar da ke cikin rairayi da gargada kullum, gara a buɗe boris na gaba a wanke a sabunta giris da sil sau ɗaya a shekara, bayan damina. In kuma ka ratsa kwari ruwa ya kai cibiyar taya tana da zafi, kada ka jira shekara: sanyin ruwan yana tsuke iskar ciki ya zuƙo ruwa ta bakin sil, don haka cikin satin ka buɗe murfi ka duba launin giris, ka sassauta notin zubar da man fon ka ga ko ruwa ne zai fara fitowa.